Kumburin da Muka Yi Wa Barka

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin da ke kawo mana garin nan na gina jiki, wanda mu a Birnin Gwari muke kira Mai Damtse.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar girma, kai da iyalinka da duk masu ci a ƙarƙashinka. Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, don yanzu na san darajar lafiya fiye da yadda na taɓa saninta.

Ka yi haƙuri ban ambaci sunanka ba, ban san shi ba ne. Na juya robar garin nan gaba da baya, na duba murfi, na duba gindi, babu suna babu lamba, sai hoton wani ƙato ba riga, ya ɗaga hannu yana nuna mana damtse. Mutumin da ke sayar mana da shi a kasuwa ya ce kai Alhaji ne, kana Kaduna, kuma mutumin kirki ne. Biyun farko na karɓa. Na ukun kuwa sai na ga abin da ka yi da wannan takarda. Tun da ba ni da ƙofar da zan je in yi sallama, na rubuta a buɗe, ƙanwata za ta sa a waya, wanda ya san ka ya isar maka.

Ni mai awara ce. Duk wanda ya bi layin bayan kasuwa da hantsi ya san kaskona. Asalinmu mutanen wajen Randagi ne, tashin hankali ya koro mu cikin gari, muka kama ɗaki biyu, ni da maigidana da mahaifiyarsa, wadda muke kira Inna, da yara. Karatuna na boko a firamare ya tsaya. Hausa ina karanta ta, ina rubuta ta yadda kake gani, Turanci kuwa sai dai in gane baƙi ɗaya-ɗaya in wuce. Na faɗi wannan ne don yana cikin maganar. Kuma ba na cikin mata masu sanyin baki, kowa ya san ni a kan haka. In ka ji magana ta yi zafi, ba raini ba ne, mijina ne ke kwance.

Na ɗaya: yadda ya dawo.

Malam, wato maigidana, manomi ne, masara da waken soya. Ko da muka dawo gari bai saki gonar ba, yakan hau babur da asuba ya je ya yi abin da ya samu, ya dawo kafin la'asar, kamar yadda kowa ke yi, rai a hannun Allah. Mutum ne da yake ɗaga buhun wake shi kaɗai ya ɗora a babur ba ya kiran kowa. A daminar bara, lokacin maimai, mutanen daji suka ɗauke shi a gona tare da wasu. Wata huɗu ya yi a can cikin dajin da ke haɗe da Kamuku. Yadda aka yi aka karɓo shi ba zan shiga ba, duk gidan da abin ya taɓa faɗa wa ya san irin abin da ake rabuwa da shi.

Ranar da aka shigo da shi Inna tana zaune a tsakar gida. Ta dube shi, ta yi masa sannu da zuwa irin ta baƙo, sannan ta leƙa bayan waɗanda suka riƙo shi tana neman ɗanta. Wallahi haka aka yi. Haƙarƙarinsa ana gani ta cikin riga, bayansa duk shatin duka, idon sawunsa duk tabon sarƙa. Wanda aka sako tare da shi ya ce mana wani lokaci sai su yini biyu ba ruwa, in an samu kuma na kududdufi ne. Na kawo tuwo, loma biyu ya yi ya ture kwanon.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, kai da kake Kaduna. Mu nan abin ya yi mana yawa har ya zama al'ada da ƙa'idojinta. Wanda ya dawo daga daji ba ya fita. Ba kasuwa, ba majalisa, ko masallacin Juma'a ba ya zuwa sai ya murmure, don kada a gan shi a wannan hali a riƙa nuna shi da baki. Mutane ne ke zuwa gida yi masa barka da arziki. Duk matar da ta shigo kuwa, in ta gaishe shi ta dubi wuyansa, sai ta juyo ta dube ni. Na san abin da take aunawa. An san gidan da maigida ya fita a sati uku, an san gidan da ya kai wata biyu, kuma matar ake yaba wa ko a yi da ita. Jinya ce, amma mun mayar da ita gasa. Ni kuwa, Allah ya gafarta mini, ban iya a wuce ni ba. Sati biyu ina fama da romo da kunun gyaɗa da ƙwai, ya kurɓi kaɗan ya ajiye, ni kuma ina ganin ko motsi ba ya yi. Inna ta fara cewa a zamaninsu mace ta san yadda ake tayar da namiji.

Na biyu: abin da mutuminka ya faɗa mini.

Ranar kasuwa sai ga mota da lasifika a kanta, an jera robobi a bisa. Mai maganar dattijo ne da gemunsa da hularsa, ba wani ɗan tasha ba. Yana cewa ga furotin, ga sinadarin gina jiki, nama ne a cikin roba, mai rama ya cika, mai kasala ya miƙe, wanda ya sha wahala ya manta ya sha ta. A garin da kowace unguwa akwai wanda ya dawo daga daji, ka san wa ake kira da wannan magana, shi ma ya sani.

Na bar kaskona na je. Ban ɓoye masa komai ba. Na ce mijina wata huɗu ya yi a daji, ya sha duka, ya sha ƙishirwa, ba ya iya cin abinci. Ka riƙe wannan, Alhaji, don a kansa zan tsaya da kai gaban Allah. Bai tambaye ni ko an kai shi asibiti ba. Bai tambayi shekarunsa ba, ko yana da hawan jini, ko yana shan wani magani. Cewa ya yi, Hajiya, ai don irinsa aka yi shi. Ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba, ranar na zama Hajiya. Na ce nawa zan riƙa ba shi, ya ce gwargwadon ramarsa. Na ce ba ya cin tuwo fa, ya ce wanda ya sha wannan me zai yi da tuwo.

Da na buɗe robar a gida sai na tarar da wani ɗan cokalin roba binne a cikin garin. Na ɗaga shi na nuna wa Inna, muka yi dariya, rabon da a yi dariya a gidan an daɗe. Wai da wannan za a auna wa magidanci abinci? Mu nan abin kunya ne a auna wa majinyaci, cika masa ake yi, in ya rage ya rage. Na jefa cokalin cikin kwandon wanke-wanke, na ɗauko ludayin kunu. Biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma, in dama masa da ruwa. Wannan hannuna ne ya yi, ba naka ba, kuma ba zan ɗora maka shi ba. Abin da nake ɗora maka shi ne babu wanda ya gaya mini cewa cokalin nan doka ne.

Abin yana da zaƙi da ƙamshi, Malam ya karɓe shi. In ya sha sai ciki ya cushe, ba ya neman komai har lokacin wani shan, ni kuma na daina matsa masa da tuwo. Ga kuma ƙwayoyin ciwon jiki da yake sha kullum saboda bayansa, waɗanda muke saya a kyamis da kanmu. Su ma na faɗe su, don ba ƙarya na zo yi maka ba.

Na uku: barkar da muka yi.

Cikin sati na uku da fara shan garin fuskarsa ta fara cika. Kumatu suka dawo, idanun da suka faɗa suka ciko. Wata safiya ya nemi ya sa takalminsa na Sallah, ƙafa ta ƙi shiga. Alhaji, guɗa na yi. A tsakar gida na tsaya na rangaɗa ta har maƙwabta suka leƙo. Inna, wadda tun da aka kawo ni gidansu ba ta taɓa yaba girkina ba, ta kama hannuna ta sa mini albarka a gaban mutane. Juma'ar nan ya fita masallaci da silifa, aka yi ta yi masa barka, wai Malam ya fi da kyau. Mata suka riƙa zuwa tambayata me na ba shi, na faɗa musu da alfaharina. Na kuma ƙara ludayi ɗaya-ɗaya a kan kowane shan.

Alamu sun zo, ni ce ban san su ba. Fitsari ya ragu, ɗan abin da ke fita kuma duk kumfa. Ga tashin zuciya, ga ƙaiƙayin jiki har yana sosawa da totuwa. In ya kwanta sai haki, sai an jingina shi da bango. Da na koma sayen roba ta uku na gaya wa mutuminka duk wannan, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi, ai dattin daji ne ke fita, sabon jini na shiga, kada in kuskura in tsaya yanzu. Na yi masa godiya. Har awara na ƙulla masa kyauta.

Wadda ta gane ita ce Mama Saratu, maƙwabciyarmu, dattijuwa ce 'yar Gbagyi da ta yi aikin jinya shekara da shekaru kafin ta yi ritaya. Ta je wajen 'yarta ne ta daɗe, ranar da ta dawo ta shigo yi wa Malam barka. Ita ba ta dubi wuyansa ba, ƙafarsa ta duba. Ta nemi izini, ta durƙusa, ta danna babban yatsanta a ƙwaurinsa ta cire. Rami ya zauna a wurin kamar an danna tuwo. Muna kallo, ya ƙi cikowa. Ta ɗago ta ce mini, 'yata, wannan ba nama ba ne, ruwa ne, ɗauko mayafinki.

Na huɗu: abin da likita ya ce.

An ɗebi jini, an auna fitsari. Likita ya zaunar da ni ya ce ƙodojin Malam duka biyu sun gaza. Ruwan da ya kamata ya fita ne ya taru a jiki, shi muka yi wa guɗa. Zan faɗa maka maganarsa yadda na fahimce ta, har da wadda ta wanke ka. Ya ce ba garinka ne ya fara lalata ƙodar ba. Ƙishirwar daji da ruwan kududdufi da duka da ƙwayoyin ciwon jiki, su suka raunana ta tun kafin. Ya ce furotin ba guba ba ne, jiki na buƙatarsa, da shi ake gina tsoka, yana cikin wake da gyaɗa da ƙwai da nono da nama. Amma in jiki ya gama amfani da shi, dattinsa ƙoda ce ke tacewa. Lafiyayyen saurayi mai motsa jiki, mai cin abincinsa, mai shan ruwa, in ya ƙara da cokali ɗaya ƙodarsa za ta ɗauka. Ta Malam kuwa da ƙyar take rarrafawa, ni kuma na yi ta ɗora mata ludayi shida, daga baya tara, kullum ta Allah. Ya ce mutumin da ya daɗe cikin yunwa a hankali ake tayar da shi, kuma sai an fara auna shi. 'Yan kurɓin kunun nan da nake rainawa, su ne daidai.

Na je da robar. Ya sa tabarau, ya kawo ta kusa da ido, ya karanta mini: cokali ɗaya a rana, ba ya maye gurbin abinci, mai ciwon ƙoda kada ya sha sai da izinin likita. Ashe kun sani! Ashe duk abin da zai ceci mijina yana rubuce a jikin robar da na yi sati biyar ina rungume da ita, cikin harshen da ba na ji, da baƙin da ko mai jin harshen sai ya sa tabarau. Hoton ƙaton kuwa daga tsallaken titi ake hango shi. Likitan ya kuma ce bai ga lambar rajista a jiki ba, saboda haka shi kansa ba zai rantse ko an haɗa da wani abu a ciki ba.

Sai ya tambaye ni sana'ata, na ce awara. Ya sake duba robar, ya ce abu na farko da aka rubuta an yi garin da shi waken soya ne. Kai, Alhaji! Ni da nake jiƙa wake, in kai markaɗe, in tace, in dafa, in zuba ruwan tsami, in matse, in yanka in soya. Kullum furotin na wucewa ta hannuna faranti-faranti, sunansa ne kawai ban sani ba. A makonnin nan ko yanki ɗaya ban rage wa Malam ba, duka nake sayarwa don in kai wa mutuminka. Irin waken da aka kama mijina yana nomawa, shi aka niƙa, aka sa masa zaƙi da hoto, aka dawo mini da shi. Ban yi kuka a gaban likita ba, sai da na fito na zauna a kan dakalin asibiti.

Na biyar: Binta.

Bayan ciwon Malam, wannan shi ya fi hana ni sukuni. Binta layinmu ɗaya da ita, an sako mijinta bayan Malam da 'yan makonni. Tana cikin waɗanda suka tambaye ni, ni na raka ta wajen motar da ƙafata, ni na nuna mata ludayi. Da muka dawo daga asibiti ko mayafi ban cire ba na wuce gidanta. Na gaya mata komai, na roƙe ta ta tsaya, ta kai shi a auna. Ta bar ni na gama, sannan ta ce naki ya cika ya fita Juma'a, nawa ne ba kya so ya cika. Na ce ta zo ta ga ƙafar Malam, ta ce wannan jifa ce aka yi masa don an ga ya yi kyau. Mama Saratu ma ta je, aka ce mata maigidan yana barci. Ban san halin ƙodar mijinta ba, ƙila tasa ƙalau take, Allah ya sa. Amma ba wanda ya auna. Kuma ban ga laifinta sosai ba, a watan jiya ni ma haka zan amsa.

Na tunkari mutuminka, kada ka ce ban bi ta ƙasa ba. A gaban jama'a na tsaya na faɗa masa. Ya ce shi ɗan aike ne, rai da lafiya na Allah ne, in yi haƙuri in matsa, ina tare masa ciniki. Samarin nan masu ɗaga ƙarfe a bayan filin ƙwallo suka sa baki, wai su suna sha ba abin da ya same su. Na ce to madalla, ku dominku aka yi. Amma na san iyayen wasunsu, ba sa samun tuwo sau biyu a rana, su ma garin suke damawa su ce sun ci abinci. Tun da nono ya daina shigowa daga rugage, wake ya yi tsada saboda gonakin da aka bari, kowa a garin nan jikinsa na neman abin da ya rasa. Kai kuma ka ga kasuwa. Ganin kasuwa ba haramun ba ne, ni ma ita nake ci, amma ka turo kaya garin mayunwata da majinyata ba tare da kalma ɗaya ta gargaɗi da za su ji ba.

Na shida: halin da muke ciki.

Likita ya ce sai wankin ƙoda, kuma ba sau ɗaya ba, a kai a kai, mai yiwuwa har ƙarshen rai. A nan ba a yi, sai Kaduna. Ka san hanyarmu, ko ba ka taɓa binta ba ka ji labarinta. Kafin nan ya ba mu magunguna, ya hana gishiri, ya kuma ƙayyade ruwan da zai sha a yini. Yanzu ni da na raina cokali, da kofin shayi nake auna wa mijina ruwa. Mutumin da ya yi wata huɗu yana roƙon ruwa a daji, yanzu a ɗakinsa yake roƙo, kuma ni ce mai hanawa. In ya ce ƙaro mini kaɗan sai in ce randa ta ƙare, ya san ƙarya nake yi, yana jin yara suna ɗiba. Inna ta daina yi mini magana. Ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na ji sauƙi. Har yanzu akwai masu shigowa gaisuwa waɗanda labari bai kai musu ba, su dubi fuskarsa su ce ma sha Allah, jiki ya yi kyau. Shi kuma ya ce alhamdu lillahi.

Abin da nake roƙo.

Ban nemi komai na hannunka ba, babu abin da za ka ba ni da zai sa ƙoda ta tashi. Ƙara ma ban kai ba, wa zan kai, hoton jikin roba? Ga dai abin da nake so, in da sauran tsoron Allah a cikin cinikin.

Ka rubuta gargaɗin nan da Hausa, da boko da ajami, da manyan baƙaƙe, a inda hoton yake. In wuri bai isa ba a rage wa ƙaton damtse ɗaya. Ka ce cokali ɗaya ne, ka ce ba abinci ba ne, ka ce wanda ya rame da ciwo ko yunwa ya je a auna shi tukuna.

Ka sa sunanka da inda ake samunka a jikin kayanka. Ni mai awara kowa ya san gidana, in ta ɓata wa wani ciki ya san ƙofar da zai zo ya zage ni.

Ka hana mutuminka kiran waɗanda suka dawo daga daji. In ba za ka hana shi zuwa ba, to ka sa shi, da lasifikar nan dai, ko ranar kasuwa ɗaya tak, ya faɗa wa jama'a cewa kumburi daban ƙiba daban, a danna ƙwauri a gani. Daga bakinsa Binta za ta ji, daga nawa ba za ta ji ba.

Na rubuta waɗannan ne don kada gobe ƙiyama a ce ban faɗa ba. Amma in gaya maka gaskiya, ban sa rai ba. Na san yadda ake yi wa irin wannan takarda, a karanta a waya, a ce Allah sarki, a wuce. Ko ta iso gare ka, ina jin cewa za ka yi mace ce ta yi ganganci, kuma ba ka yi ƙarya ba. Sai dai ka cika maganar, ka ce ta tambaya kafin ta yi.

Saura abu ɗaya, sannan in bar ka. Shekaranjiya aka ce ayarin motoci zai fita zuwa Kaduna da rakiyar jami'an tsaro. 'Yan'uwa suka yi ƙoƙari aka samar mana wuri biyu a mota, wani ɗan'uwan Malam a can ya ce mu sauka a gidansa. Na haɗa kaya, na yi wa yara sallama, muka kai Malam tasha da sassafe a keke mai ƙafa uku. Ya yarda, da kansa ma ya sa hula. Aka buɗe masa gaba saboda ƙafafunsa. Ya ɗora ƙafa ɗaya a ciki, sai ya tsaya yana kallon titin, can inda ya miƙe ya shige cikin itatuwa. Direba na cewa Baba a yi sauri, kada a bar mu a baya. Sai ya sauke ƙafar.

Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da yara. A gaban mutane na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Ya bari na gama. Tun da ya dawo bai taɓa ba ni labarin daji da bakinsa ba, ni ma ban tambaya ba. A tashar nan ya faɗa mini, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. Ya ce su bakwai aka ɗaure a sarƙa ɗaya, uku suka rasu a gabansa. Ba wanda aka yi wa wanka, ba wanda aka yi wa salla, jan su kawai aka yi aka kai bayan dutse. Ya ce in aka tare mu a hanyar nan, da wannan ƙafar ba zai iya tafiya ba, kuma ya san abin da suke yi wa wanda ba ya iya tafiya. Ya ce, ki mayar da ni gida, ina so in mutu inda za a yi mini sutura.

Motoci suka tafi muna tsaye. Na mayar da shi. Ban ƙara yi masa maganar Kaduna ba, kuma ba zan ƙara ba. Jiya bayan la'asar ya sa aka kira masa ƙaninsa da limamin unguwa, suka shiga ɗaki, ni ina zaune a bakin ƙofa. Da bakinsa ya faɗa musu sunayen mutum uku da yake so su wanke shi.

Alhaji, Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya tsare maka ƙodarka da ta 'ya'yanka, ya raba ka da hanyar da ake tare mutane. Allah ya sa ka gyara cinikinka tun kana da lokaci. Kada Allah ya nuna wa matarka ranar da za ta zauna a bakin ƙofa tana jin mijinta yana zaɓen masu wanke shi.

Wassalam.

Mai awara ta bayan kasuwa,
Birnin Gwari.